Tankar da Ban Wanke Ba

Ni da kuke gani, ba ɓarawo aka haife ni ba. A Luggere na tashi, aikina wanke cikin tankokin mai a wani garejin walda a Jimeta. Kafin wuta ta taɓa tanka, sai na wanke kowane ɗaki na cikinta, na cika shi da ruwa, na ja mata alli a jiki, alamar ta wanku.

Da rikici ya yi zafi, manyan masu waldarmu suka tattara suka bar gari. Tankoki suka yi layi, Oga mai garejin kamar zai yi hauka. Sai ga Bappa Hammadu, dattijon da ya gudo daga Mubi da iyalinsa. Hannunsa ya iya walda, Oga ya ɗauke shi aiki, amma ba wanda ya yarda da shi. Lokacin kowa tsoron baƙo yake. Ko jakar abincinsa sai maigadi ya zazzage.

Ni kuwa na gano kowace tanka tana zuwa da ragowar fetur a ƙasanta. Na fara da kwalba, na koma jarka, ina kai wa wani ɗan bumburutu. Kai, kwaɗayi bala'i ne! Bappa ya fara yi mini wani irin kallo, ni ma ina ƙara zuga mutane a kansa don kada ya tona ni.

Wata ranar Laraba na wanke ɗakunan gaba na wata tanka, na bar na baya da mansa, da niyyar in zuƙe in an tafi sallah. Na ja alli. Oga ya ce mai motar na sauri, a fara yanzu.

Bappa ya dube ni. “Yaro, har na baya ka wanke?”

“Wallahi na wanke, Bappa.”

Yana sa mata wuta, tankar ta fashe. Ƙarar ta kai har kasuwa. Mutane suka watse, ana ta ihun bam. Bappa na kwance, fuskarsa ta ƙone, sai wani ya ce, “Ɗan Mubin nan ne!” Aka rufe shi da duka kafin jami'an tsaro su ɗauke shi. Oga ya ji daɗin zancen bam, don ba wanda zai tambaye shi me ya sa ba mai duba aikina. Ni ma na yi gum.

Watanni yana tsare. Sai da aka kama ɗan bumburutun da jarkoki, ya sha matsa, ya ambaci sunana. Da aka kamo ni na faɗi gaskiyar tankar, aka saki Bappa, ni aka kai ni gidan yari.

Da na fito, na neme shi har Girei. Idanunsa sun tafi. Na durƙusa ina kuka, na ce ya yafe mini.

Ya ce, “Wutar na yafe, wannan ƙaddara ce. Amma da suke dukana, kana ina?”

Na ce, “Ina tsaye a wurin, Bappa.”

Sai ya kira 'yarsa ta raka ni bakin hanya.

Samari, na tuba, kullum ina roƙon gafarar Allah. In an ba ku aikin da ran wani ya rataya a kai, ku yi shi, ko ku ce ba ku yi ba. In kuma kun ɓata, ku buɗe baki tun ana jin ku. Ni na buɗe nawa a makare, har yau ban san ko ya yafe sauran ba.