Huda Goma Sha Biyu

Shekara tara na yi ina riƙe da rajistar filin harbi na wani kamfanin tsaro a kudancin Jidda. Aikina shi ne in ba kowane mai gadi harsashi goma, in karɓi takardar da ya harba, in ƙirga hudar da ta faɗa cikin da'ira, in rubuta. Wanda bai kai bakwai ba a jarrabawar shekara, sai a karɓe ƙaramar bindigarsa, a mayar da shi bakin ƙofa yana ɗaga wa motoci sanda.

Cikin masu gadin akwai kawuna, ƙanin mahaifiyata, haifaffen unguwar Hindawiyya, wanda shi ya samo mini aikin. A da babu wanda ya kai shi saitin bindiga, amma ciwon sukari ya sa hannunsa rawa. Kullum bayan la'asar yakan hau saman bene, ya cika finjali da shayi har baki, ya miƙe hannu, ya riƙe numfashi, ya lanƙwasa yatsa a hankali kamar mai jan kunamar bindiga. In shayin ya zuba, ya sake cikawa.

Ranar jarrabawa ya tsaya a tsakiyar layi, abokansa biyu, su ma 'yan unguwarmu, suka saka shi a tsakiya. Da aka kawo mini takardarsa na ƙirga sau uku. Huda goma sha biyu! Ashe kowannensu ya yi niyyar aika masa harsashi biyu a ɓoye, amma don kunyar dattijo babu wanda ya gaya wa ɗan'uwansa, balle shi. Shi kuwa biyu kawai ya zubar a waje.

Na damansa ya matso kusa da teburina. "Yalla, malam magatakarda, rubuta takwas, halas, shi ke nan. Huda ba ta da suna."

Na ce, "Yaya, goma na bayar. Daga ina biyu suka fito?"

"Albarka ce! Kai ba ka san albarka ba?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wannan takarda ita ce shaidar cewa mutum zai iya riƙe makami a inda jama'a ke wucewa, ba kwanon ciyayya ba ce da kowa zai jefa lomarsa. Na rubuta abin da na gani. Shugaban filin ya karanta, ya ce Kawu ya sake, shi kaɗai, a take.

Kawu ya dube ni. "Ɗan nan, ƙila fa na ci da hannuna."

"Ƙila, Kawu. Amma ban san waɗanne ne naka ba."

Ya tsaya, idon kowa a kansa, bakin bindiga yana rawa. Biyar ya samu. Ni na karɓi bindigar, ni na rubuta lambarta.

Abin da ya fi damuna shi ne lissafin da na yi daga baya. In an cire huɗun abokansa, takwas ne nasa suka sami takardar. Nawa ne daga cikinsu suka faɗa cikin da'ira, Allah kaɗai Ya sani.

Wata biyu mahaifiyata tana amsa gaisuwata a taƙaice. Kawu bai taɓa tayar da maganar ba. Kowace safiya shi yake ɗaga mini sandar ƙofa, ya ce, "Shiga, magatakarda." Da la'asar kuma, daga tagarmu, nakan hango shi a saman bene da finjalinsa.