Baba Tukur, Mai Tayar da Motocin da Aka Bari

Kullum da hantsi za ka ga Baba Tukur ya fito daga Unguwar Dosa a kan tsohon kekensa, makullan motoci na ƙara a aljihunsa, alhali shi bai taɓa mallakar ko taya ba. Tsohon direban gwamnati ne. Tun da ya bar aiki ya ɗora wa kansa hidimar da ba wanda ya sa shi: motar da mai ita ya tafi hajji, ko kwas a Ingila, ko ya rasu, shi ke zuwa ya tayar da ita, ya duba ruwa da baƙin mai, ya zagaya da ita Kawo ya dawo. Mukan yi masa tsiya cewa ya fi gwamna motoci. Sai ya ce, "Ku yi ta dariya. Mota in ta daɗe a zaune lalacewa take yi."

Da maƙwabcinmu Malam Yusha'u ya rasu, ya bar matarsa Rakiya da yara da wata tsohuwar Fijo. Rabon gado ya ja shekaru, Baba Tukur kuwa bai fasa zuwa ba. Da aka gama, ya zamana in motar ba ta sayu da daraja ba, sai su koma ƙauye, babbar 'yarsu Husaina ta bar makaranta.

Wani akawu, Ja'afaru, ya zo dubawa, ina tsaye a wurin. Hankalinsa ya rabu biyu, don akwai wata mota sabuwa-sabuwa da aka yi masa tallarta, amma ta sha hanyar Legas har ta gode Allah. Ya leƙa agogon mil ɗin Fijo, ya ce, "Baba, dillali ya ce tsohuwa mai mil kaɗan haka, ko an juya agogon baya ko zama ya cinye ta."

"Ba a juya ba, kuma ba ta zauna ba," in ji Baba Tukur. "Mil-mil ɗin ƙarshen nan duk ni na sa mata su. Injinta lafiya lau. Amma tayoyin sun tsufa ko da ba su ci titi ba, kada ka hau babbar hanya sai ka sake su."

Daga bayan ƙofa Rakiya ta ce a hankali, "Baba, har tayoyin sai ka faɗa?"

"'Yata, ai ransa zai ɗora a kai."

Na ce a raina shi ke nan ciniki ya watse. Sai Ja'afaru ya ce motar da wannan mutum ya riƙe ita zai saya. Husaina tana makaranta har yau.

Kai ne, Baba, mai riƙon amanar wanda ba ya nan. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Bana idonsa ya yi rauni, ya mayar wa kowa makullinsa, ya jingine keken. Jama'a, mu yi koyi da shi, kuma kada mu bar shi zaune a zaure. Ja'afaru dai ya riga mu: duk Juma'a yakan zo da Fijon nan ya kai shi masallaci, su zagaya Kawo su dawo.