Kakan Ozell Ba Kuku Ba Ne

Ozell Gaines ya shekara saba'in da huɗu, hamsin daga ciki a bayan doki yana kora shanun mutane a Texas. Ƙafafunsa sun gwame har kare na iya ratsawa ta tsakani. Matarsa Vernell ta rantse ba ta taɓa ganin ya cire malafarsa ba sai a coci, can ma sai ta zungure shi.

Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya. A gidan tarihin garinsu akwai tsohon hoton makiyaya biyar da suka kai garke Kansas. Fararen huɗu kowa an rubuta sunansa. Na biyar, baƙin, "kuku" kawai aka sa masa. Kakansa ne kuwa, Cato Gaines.

"Wai kuku!" in ji Ozell. "Mutumin da ko ruwan zafi ya ɗora sai ya ƙone? Kakata ko ƙofar kicin ba ta bari ya taka."

Mis Hargrove, farar matar da ke kula da gidan, ta yi masa murmushin lallashin yara. "Haba Ozell, ni fa ban taɓa ganin baƙi makiyayi a fim ba."

"To ni da kike gani kullum, a kan akuya nake?"

Daga nan kowace Asabar sai ya rubuta sunan a 'yar takarda ya manna ƙarƙashin hoton, kowace Litinin ta ɓare. Shekara tara suna haka, ba wanda ya gaji.

Da bikin kafuwar garin ya matso, gidan tarihi ya yi cigiyar kayan da. Ozell ya saɓo wani tsohon sirdi, ya dire mata a tebur, ƙura ta tashi. Ya ce ta dubi sirdin da na biyar ya dafa a hoton. Ta ɗauko madubin ƙara girma. Ga ɗinkin waya a gaba, ga harufan sunan Cato da aka ƙona a gefe, komai iri ɗaya. Ta ajiye madubin.

"Mista Gaines," ta ce, karon farko da ta kira shi haka a shekara tara, "za ka bar mana shi?"

"Sirdin kuku? Me za ki yi da shi? Bari dai in nemo miki tukunya." Ya saɓa abinsa ya fice.

Bayan kwana goma aka kafa sabon allo: Cato Gaines, makiyayi. Ozell ya kai sirdin, Vernell na biye da shi, ya tsaya gaban hoton ya kasa tafiya, daɗi da baƙin ciki sun cakuɗe masa. Vernell ta tuna ta bar wake a wuta, ta ɗaga gwiwar hannu za ta zungure shi. Sai ta ga malafar a hannunsa.