“Dakor” ta huda mini bango

Jama'a, yau bakina ya jawo mini rami a bango!

Makon jiya kamfanin tarho suka kira ni, wai fibir, intanet mai gudu. Na ce “dakor”. Na kabul suka kira, su ma na ce “dakor”. Ni a wurina “to” ce kawai, na ji, sai an jima. Ashe a nan ɗaurin aure ne!

Yau da safe sai ga ma'aikata biyu a ƙofata a Bobigny, kowa da injin huda bango. Kuma yau ne sunan jikata a Lyon, ƙarfe goma ɗiyata za ta nuna mini ita ta bidiyo.

Na tarho ya nuna ni ya ce: “Musye namu ne.” Na kabul ya ce: “Ƙarya, mu ya ce wa dakor!” Garin ja-in-ja suka tsinke tsohuwar wayar intanet ɗina. Intanet ya mutu murus, ga goma saura kaɗan!

Na tarho ya fusata, ya danna inji. Fuuut! Sai rami har kicin ɗin maƙwabciyata, Hajiya 'yar Cadi.

Ta sa baki a ramin: “Wane ɗan banza ya zuba mini siminti a miya?”

Na ce: “Haƙuri, Hajiya. Suna ake, ban ga jikata ba.”

Sai ga 'yar takarda ta ramin, lambar sirrin wifinta. Bokona bai kai nan ba, ma'aikatan biyu suka haɗa kai suka buga mini.

Na ga yarinya, Hadiza sunanta! Hajiya ta ƙwalo ta ramin: “Juyo mini ita, Malam, in ga wadda ta ci miyata!”