Sabo Mai Feshi da Ƙudan Zuman Abakpa

Shekara tara Sabo ya yi yana goye da tankin feshi a lambun shaƙatawa da ke bayan unguwarmu, Abakpa. Mutumin Soba ne. Ya zo Kaduna neman aikin masinja, aka dubi faɗin kafaɗunsa aka ga sun fi dacewa da tanki. Duk Litinin da Alhamis sai ya bi furanni yana fesa musu maganin ƙwari, don manyan ma'aikata su zo shan iska ba tare da ko malam-buɗe-littafi ya dame su ba.

A daminar 1974, kabewar da maƙwabciyarsa Zuwaira ta shuka a bayan gida ta yi fure har ta gaji, ba ta ba da ko ɗa guda ba, don babu ƙudan zuman da za su bi furen. Malam Labaran kuwa, mai amya uku a kan ɗorawar bakin lambun, ya share gawar ƙudan zuma cike da kwano. Su biyun suka tare Sabo a hanya.

"Sannu da yaƙi, Malam Sabo," in ji Zuwaira. "Ka gama da zuma, saura mu."

"Aikin gwamnati ne, Yaya Zuwaira," ya ce.

Labaran ya miƙa masa kwanon. "To, kai wa gwamnati ta ga ganimarta."

Sabo ya daɗe yana kallon kwanon. Mahaifinsa ma da amya ya ciyar da su a ƙauye. Tun daga ranar ruwan famfo zalla yake cika tankinsa da shi, ya yi ta feshi da himma kamar da.

Mutanen unguwa, da ba su san wannan ba, suka tashi tsaye. Takardar koke uku kan feshin suka aika ofishin da ke kula da lambun, kowace da dangwalen yatsa sama da sittin. Ofis ya amsa cewa za a kafa kwamiti da zai duba ko akwai buƙatar kafa kwamiti.

Sai bayan fiye da shekara shugaban ofishin, Malam Abdurrahim, ya zo da kansa. Ya tara mu a lambun, ƙudan zuma na ta kai da kawo a kanmu.

"Ku dubi furannin nan!" ya ce. "Ba su taɓa kyau irin na bana ba. Ilimin zamani ke nan. Ga zumar taku ma ta dawo, shaida cewa maganin bai dame ta ba."

Sabo ya sauke tanki, ya rusuna. "Ranka ya daɗe, ruwa ne. Wata goma sha huɗu ke nan. Maganin yana can sito, ko gwangwani ɗaya ban fasa ba."

Zuwaira ce ta fara dariya, sauran suka ɗauka.

A cikin mako aka sallami Sabo saboda ƙin bin umarni. A watan kuma sanarwa ta fito cewa, bayan zurfin bincike ƙarƙashin jagorancin Malam Abdurrahim, an gano lambu ba ya buƙatar feshi, don haka an dakatar da feshin. Aka ƙara wa Malam Abdurrahim girma.

Abin ya yi wa Sabo ciwo, ya yi kwana arba'in ba ya bi ta gefen lambun. Daga baya ya koma saƙa amya tare da Labaran, suna kai zuma kasuwa. Har ya koma Soba a 1979, in aka tambaye shi laifin da ya yi aka kore shi, cewa yake, "Furen gwamnati na ba ruwa ba da izini ba."