Ramin da ke cikin shafin matan Gudel

Shekarar da damina ta ƙi kuma sojoji suka karɓi mulki, ni ke kula da shafin intanet na wata ƙungiyar mata masu lambu a Gudel. 'Yan'uwanmu na Kwatano da Abijan nan suke leƙawa su ga inda hatsin taimakonsu ya shiga.

Wata safiya shugabar ƙungiyar, dattijuwa ce ƙawar mahaifiyata, ta same ni a siber ɗin Mawre, shagon intanet inda nake hayar ordinater, wato kwamfuta. Ko zama ba ta yi ba.

"Ɗana, ƙanena ya kira daga Abijan. Wai duk wanda ya buɗe shafinmu, zagin sojoji yake gani. So kake a kwashe mu?"

Na buɗe. Hotunan kabeji suka fito, sai allon ya juye, ga zagi da manyan baƙaƙe, da sunan ƙungiya a ƙasa. A wancan lokaci ko a bakin mai shayi mutum tauna magana yake yi.

"Inna, ba mu muka rubuta ba. Bari in nemo ƙofar da aka shigo."

Na bi fayil-fayil, kuran, wato wutar lantarki, na yankewa yana dawowa, ita tana gefe tana jan carbi. Bayan azahar na gano. Akwai wata 'yar manhaja da na sauko da ita kyauta na liƙa wa shafin, don baƙi su riƙa barin saƙo. Ashe ba ta tace abin da aka zuba mata. Wani ya rubuta umarnin kwamfuta a gurbin gaisuwa, ita kuma tana miƙa wa na'urar kowane baƙo, na'urar ta aiwatar.

Na goge saƙon, na gyara manhajar ta riƙa ɗaukar kowane rubutu a matsayin rubutu kawai. Sannan na sake zuba mugun umarnin da hannuna. Ya fito a allo shiru, kamar kunamar da aka cire wa ƙari.

Na aika wa wanda ya ƙera manhajar gyaran. Cikin makon ya amsa daga ƙasarsu ta Turawa mai nisa, ya ce ya sa shi a sabuwar fitowa, duk mai amfani da ita zai samu.

Da na karanta wa Inna, ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Wato har Turawa mun yi wa ɗinki."

Ta sa aka buga wa Abijan waya, ta ce an gyara shafin, a ci gaba da aiko da hatsi.