Malam Idi ya bar min awon ƙasa

Ina cikin dama koko da safen nan Sanusi ya kira ni. Ya ce, "Gwaggo, Baba ya cika." Ludayin ma ban san inda na ajiye shi ba.

Na Allah ne mu, kuma wajensa za mu koma.

Wanda bai san shi ba, Malam Idi na Takur nake nufi, mai kiwon dawakin sukuwa, uban Sanusi. Ɗan kawuna ne, taubashina. Tun muna yara muke tsiya da shi, har haƙoranmu suka zube ba mu daina ba. Ni ina ce masa Angon Ƙasa, shi yana ce min Buhun Gero.

Ga dalilin sunan. In za a yi sukuwa, sauran mutane sama suke kallo, shi kuwa ƙasa. Sai ya tuɓe takalmi ya bi filin nan na bayan gari a ƙafa, yana danna diddige, kamar mai neman allurar da ya yar. Wajen rairayi ba ya damunsa. Kwanar da ke kusa da fadama ce abin tsoronsa. Ya ce in an yi ruwa rana ta fito, samanta kan bushe ta yi kyau, ƙarƙashi kuwa taɓo ne zalla. A nan wani baƙin dokinsa ya taɓa zamewa ya karye, aka yanka shi a gabansa. Tun daga ranar, in diddigensa ya nutse, ko wa zai roƙe shi ba ya sakin doki.

Na sha ce masa, "Kai dai tsoro ne ya yi maka yawa, ka fake da ƙasa."

Sai ya ce, "Ke da ko jaki ya gan ki sai ya nemi hanyar gudu."

Amma da maigidana ya rasu, shi ne duk Juma'a yake tahowa gidana a Yalwawa da dabino a aljihu, ya zauna a zaure ya yi ta tsokanata har sai na yi dariya. Lokacin da na yi ciwon gwiwa, man da yake shafa wa dawaki ya kawo min. Na zage shi tas. Na shafa kuma, ya yi aiki.

Makon jiya na je duba shi, an sallamo shi daga asibiti. Yana kwance, hankalinsa na kan Danda, dokinsa mai fararen ƙafafu, da za a saka a sukuwar washegarin Sallah. Ga damina ta faɗi. Ya ce, "Buhun Gero, in ban tashi ba ke za ki taka min kwanar nan. Nauyinki ya kusa na doki, awon zai fi daidai."

Na ce, "Allah ya tashe ka in rama."

Ban rama ba.

Jiya an sheƙa ruwa, yau rana ta ƙwalle. A wajen gaisuwa na ji Sanusi yana cewa Danda zai yi gudu jibi, don girmama Baba. Da la'asar na tari mai adaidaita na ce ya kai ni filin. Ba kowa sai balbelu. Na tuɓe silifas na bi a hankali da sandata. Kwanar ta bushe fes, har da tsagewa. Na danna diddige.

Ya shige har idon sawu.

Na tsaya a wajen da ƙafa cikin taɓo, ina jira a ce min wani abu a kan nauyina. Shiru. Duk sa'o'ina sun tafi, shi ne na ƙarshen da yake iya zagina in ji daɗi.

Ban wanke ƙafar ba, haka na koma Takur na nuna wa Sanusi. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Shi ke nan Gwaggo, Danda zai huta bana."

Allah ya jiƙanka Angon Ƙasa. Ƙasar da ka yi ta lallaɓawa, Allah ya sa ta yi maka laushi, ya yalwata maka kabari, ya haskaka shi.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni ma ku sa ni, Juma'a tana zuwa.